Riyal 800, monita ɗaya, PS5 da kwamfuta: wacce ta dace a saya?

Ƙanena, ka ce kana zaune a Jidda, kana da PS5 da kwamfutar tebur mai katin hoto GTX 1660 Super, ka tara riyal 800, kuma kana neman monita guda da za ta ɗauke maka su duka biyun. A PS5 kana buga ƙwallo da Call of Duty, a kwamfuta kuma Valorant da aikin makaranta. Sannan wani mai shago ya nuna maka wata ƙatuwa mai inci 32 mai lanƙwasa, 1080p, an buga mata 240Hz (sauya hoto sau 240 a daƙiƙa) da 1ms (saurin canza launi) da HDR (ƙarin bambancin haske da duhu) a jikin kwali, ya ce ba ta da ta biyu a wannan kuɗin.

Kar ka saye ta. Haɗa kwamfuta da gyaranta ne sana'ata, kuma na sha ganin samari sun ɗauki irin wannan suna murna, kafin wata ya zagayo sun fara neman mai saye. Abin da zan ce ka nema shi ne mai inci 27, 1440p, irin allon da ake kira IPS, mai gudu tsakanin 144 zuwa 180Hz, wadda ka tabbatar da idonka tana ba da 120Hz ta ƙofar HDMI. In kuɗin bai kai ba, ko ka samu amma babu garantin wakili na nan ƙasar, ka sauko zuwa mai inci 24, 1080p, mai sauran siffofin da na faɗa. Ba za ka yi nadama ba.

Laifin waccan ta farko shi ne girmanta ya fi ƙarfin hotonta. Allon 1080p ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, ko inci nawa ne shi. In aka baza su a inci 24, kowane inci yana samun kusan ɗigo 92. A inci 27 sai ya koma 82, a inci 32 kuwa bai kai 70 ba. Talabijin da ake kallo daga can ƙarshen falo ba a gane wannan. Amma kai a tebur za ka zauna, tsakaninka da allo bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Ka buɗe takardar karatu a kanta ka duba harafi mai zagaye, ko ka duba baƙaƙen Larabci masu ɗigo da wasali: za ka ga gefensu yana hawa-hawa, ƙananan rubutu suna cakuɗewa, bayan awa biyu ido ya fara raɗaɗi. Mai inci 27 a 1440p tana da kusan ɗigo 109 a kowane inci, shi ya sa rubutu yake fita fes a kanta. Ga kuma wata matsala: a wasan harbi, in allo ya cika girma kuma kana kusa, sai ka riƙa juya wuya kana neman taswirar da ke kusurwa. Ka lura da masu buga gasa, irin Esports World Cup da aka fara yi a Riyad a 2024, akasarin masu wasan harbi a gaban allo mai inci 24 ko 25 suke zama, alhali ba kuɗin sayen ƙato suka rasa ba.

Yanzu ga inda aka fi cutar masu na'urar wasa, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali, 165 ce ko 180 ko 240, sau da yawa ta ƙofar DisplayPort ake samunta. Kwamfutarka tana da wannan ƙofa. PS5 ba ta da ita, Xbox ba ta da ita, Switch ma haka, dukansu HDMI kaɗai suka sani. Ita kuwa HDMI iri-iri ce duk da bakinta ɗaya ne. Ta 1.4 tana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, ta 2.0 tana ɗaukar 18, cikakkiyar 2.1 kuma 48. Kamar wayit ne, wato tankar ruwa, ya zo ƙofar gida cike da ruwa, in tiyon siriri ne, abin da zai hau tanki kaɗan ne komai girman motar. Na sha jona PS5 a monitar da aka rubuta wa 144Hz, sai na'urar ta tsaya a 60 ta ƙi gaba, domin ta HDMI masu ƙera monitar ba su sa 120 a cikin jerin abin da take karɓa ba. Monitar lafiyarta ƙalau, PS5 ɗin ma haka, ba su dai dace da juna ba.

Kuma ka sani PS5 ba ta wuce 120Hz, ko me ka jona mata. Kenan rabin 240 ɗin da ake tallata maka ba zai taɓa yi maka aiki a kanta ba.

Yadda za ka tabbatar ba wuya. Ka karɓi cikakkiyar lambar samfurin, ba sunan kamfani kaɗai ba, domin harafi ɗaya a ƙarshen lamba yana iya raba sabuwa da tsohuwar ƙira. Ka shiga shafin kamfanin ka sauke littafin monitar. Can wajen ƙarshe akwai jadawali na girman hoto da gudun da kowace ƙofa take karɓa. Ka bi layin HDMI da yatsa har ka ga 2560x1440 a 120Hz, ko 1920x1080 a 120Hz in ƙaramar za ka saya. In babu wannan layin, ka bar ta ko mai shago ya rantse. Mafi kyau ma, in shago ne ƙarami da ake iya magana da mai shi, ka saka PS5 ɗinka a jaka ka je da ita a jona a gabanka. A saitin allo da bidiyo akwai wurin da take gwada 1440p da kanta, ta gaya maka ko 60 kawai monitar take karɓa ko har da 120. Minti biyar ya isa a gama gardama.

Kar kuma rubutun HDMI 2.1 ya ruɗe ka. Tun ƙarshen 2021 ya bayyana cewa ƙa'idar masu ba da lasisin HDMI ta yarda a kira ƙofa 2.1 ko da ƙarfinta na 2.0 ne. Saboda haka sunan kaɗai ba hujja ba ne, jadawalin ne hujja. Kai ma ba ka buƙatar cikakkiyar 2.1, sai ga mai neman 4K a 120Hz take zama dole, kuma wannan ba ta riyal 800 ba ce. HDMI 2.0 ta isa ta ɗauki 1440p a 120 ba tare da wahala ba.

Za ka iya cin karo da tsoffin bayanai da ke cewa PS5 ba ta yin 1440p. Da gaskiya ne, lokacin da ta fito a 2020 ba ta yi. Sony ta ƙara shi a watan Satumba na 2022. Haka ma VRR, wato tsarin da ke sa monita ta riƙa bin gudun wasa in ya ragu ko ya ƙaru don kada hoto ya tsage: ya zo wa PS5 a Afrilun 2022, sannan ya fara aiki a 1440p a Maris na 2023. Sai dai akwai ƙulli a nan. Kusan duk monitocin araha an rubuta musu FreeSync, wanda shi ma wani nau'in VRR ne. Xbox tana jin FreeSync ta HDMI, PS5 kuwa ba ta ji, nata VRR ɗin na ƙa'idar HDMI ne. Don haka mai yiwuwa ka sayi monita mai kyau amma PS5 ta ce babu VRR. Ni ban ɗauki wannan dalilin fasa ciniki ba. In ka samu da shi a cikin kuɗinka, alhamdulillahi, in babu, yawancin wasannin PS5 an daidaita su su tsaya a 60 daram, ba za ka ji rashinsa sosai ba. A kwamfuta ne zai fi yi maka amfani, kuma tun Janairun 2019 katunan Nvidia irin naka suna aiki da monitocin FreeSync ta DisplayPort.

Game da gudu, lissafin a bayyane yake. A 60Hz sabon hoto yana zuwa duk bayan milisakan 16.7. A 120 ya koma 8.3, a 144 ya zama 6.9, a 240 kuma 4.2. Ka ga daga 60 zuwa 120 an rage fiye da milisakan 8, wannan kowa yana jinsa a hannu, ko linzami kawai ka ja a kan allo. Daga 144 zuwa 240 kuwa bai kai 3 ba. Ƙwararre da ke cin abinci da wasa yana iya biyan kuɗi saboda wannan, amma ga mai riyal 800 sayar da kyan hoto ne don a sayi abin da da ƙyar za a gani. Sannan wasan ƙwallon da ka ce kana bugawa, wanda aka sani da FIFA kafin ya koma EA Sports FC a 2023, a 60 yake tafiya a PS5. Call of Duty da Fortnite ne ke kaiwa 120. In da ƙwallo kaɗai kake bugawa, da na ce ko monitar ofis mai kyau ta ishe ka.

Wata magana a gefe, tun da tana yawan zuwa mini: in kana buga wasa ta intanet ka ga ɗan wasanka yana tsalle baya, ko ka harba ba ta shiga ba, wannan ba aikin monita ba ne. Ka ja wayar intanet daga rauta zuwa na'urar maimakon wayfay, musamman a shagga, wato gidan haya, mai mutane da yawa, kafin ka kashe ko sisi a kan allo.

To me ya sa na karkata zuwa 1440p alhali katinka ba sabo ba ne? Gaskiya 1660 Super kati ne na 1080p, mai gigabait 6. Allon 1440p ɗigo miliyan 3.7 ne, na 1080p kuma miliyan 2.1, wato aikin katin zai ƙaru da kusan kashi 78 cikin ɗari. A manyan sababbin wasanni masu nauyi zai yi nishi, sai ka rage saiti. Kuma in ka mayar da wasa 1080p a kan allon 1440p hoton yana ɗan dushewa, domin ɗigon ba sa faɗawa daidai kan juna. Wannan duk gaskiya ne, ban ɓoye maka ba. Amma dubi abin da kai kake yi. Valorant wasa ne marar nauyi, katinka zai ja shi a 1440p da gudu. Manyan wasanninka a PS5 suke, ita kuwa 1440p ta yi mata daidai. Karatu da rubutu sun fi daɗi a babban fili, kana iya buɗe littafi a gefe ɗaya kana rubutu a ɗayan. Kuma monita tana daɗewa fiye da kati, mutum yakan canza kati sau biyu yana kan allo ɗaya. Da a ce a kwamfuta kake buga manyan wasanni kuma ba ka da niyyar canza kati nan kusa, da amsata ta zama inci 24 kai tsaye.

4K kam ka cire ta daga rai a wannan kuɗin. Wadda za ka samu mai 60Hz ce ta aikin ofis, kuma ɗigo miliyan 8.3 sun fi ƙarfin katinka nesa ba kusa ba.

Sai irin allon. Masu lanƙwasa na araha kusan dukansu VA ne. VA tana da abin yabo: baƙinta baƙi ne sosai, bambancin haske da duhunta yakan kai 3000 bisa 1, yayin da IPS take wajen 1000 bisa 1. Mai kallon fim da dare a ɗaki mai duhu zai ji daɗinta. Matsalarta ita ce ɗigonta suna jinkirin fita daga baƙi. Ka shiga wuri mai duhu a wasa ka juya da sauri, za ka ga gefen ƙofa da inuwar mutum suna jan wutsiya baƙa a bayansu. A wasan harbi wannan yana ɓoye maka abokin gaba a daidai lokacin da kake buƙatar ganinsa. VA masu tsada sun rage wannan, na araha ba su rage ba. IPS kuma aibinta shi ne ɗan haske fari-fari a kusurwoyi in hoto ya yi duhu, amma motsinta ya fi tsabta, launinta kuma ba ya canzawa ga wanda ke zaune a gefe. Wannan yana da muhimmanci in abokai sun taru ana karɓa-karɓar ƙwallo, mutum uku a kan katifa, ɗaya a kan kujera.

Ita kuwa 1ms, kusan kowane kwali yana ɗauke da ita, don haka ba ta raba komai. Wani lokaci ana auna ta ne da wani yanayi da ke kashe fitilar baya yana kunnawa, wanda ke rage haske, wani lokaci kuma da saitin gaggawa mafi tsanani da ke sa abubuwa su riƙa jan farin zane a bayansu. In ka sayi taka, ka nemi wannan saitin a cikin menu, wasu kamfanoni suna kiransa Overdrive wasu Response Time, ka ajiye shi a tsakiya.

HDR a wannan farashin suna ne kawai. Monita mai alamar HDR400 ko HDR10 tana karɓar saƙon, amma ba ta da hasken da zai nuna shi, ba ta kuma iya dusashe wani ɓangare ta haskaka wani. Sau da yawa in ka kunna sai launi ya koɗe. Ka kashe shi a PS5, kada kuma ka ƙara ko riyal ɗaya saboda shi.

Abin da ake mantawa sai an kai gida shi ne sauti. Monitoci da yawa ba su da sifika, masu ita ma muryarsu siririya ce. PS5 ba ta da ramin sauti a jikinta, sai a jikin kwantirola. Don haka ka juya bayan monitar ka nemi ɗan ramin iyafis na milimita 3.5. In akwai shi, ƙaramar sifika guda za ta yi wa na'urorin biyu aiki, duk wadda ke kan allo ita za ka ji. Ka duba kuma akwai DisplayPort ɗaya da HDMI aƙalla ɗaya, kwamfuta a ta farko, PS5 a ta biyu, ba sai ka riƙa cirewa kana sawa ba, wanda shi ne ke sassauta ƙofa har ta fara ɗauke hoto. Wayar HDMI da ta zo a kwalin PS5 mai kyau ce, kada a sayar maka da wata mai tsada. Ƙafar monitocin araha yawanci ba ta hawa ba ta sauka, amma in akwai ramuka huɗu na VESA a baya, daga baya kana iya sayen hannu ka ɗaura ta a gefen tebur.

Wajen saye, ka kwatanta farashin Jarir da eXtra da Amazon da noon da na shagunan kwamfuta na Titin Khalid bin Walid, da lambar samfuri ɗaya a hannunka. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari, don kada 750 ta zama 862 a wajen biya. Ka karɓi fatura, wato rasit, ka ɗauke ta a hoto, domin rubutun irin takardar nan yana gogewa da zafi. Ƙa'idar Ma'aikatar Kasuwanci ita ce kayan lantarki su zo da garantin shekara 2, amma wannan yana tafiya daidai ne in kayan ta hannun wakili na nan suka shigo. A intanet ka duba wane ne mai sayarwa kuma daga ina za a turo. Wadda ta taso daga waje da ragin riyal 60, ranar da ta samu matsala za ka rasa wurin kai ta. Ka tambayi kuma sharaɗin mayarwa bayan an buɗe kwali, da matsayinsu a kan mataccen ɗigo, domin kamfanoni da yawa ba sa canza allo saboda ɗigo ɗaya.

In ba gaggawa kake ba, haƙurin 'yan makonni yana iya ɗaga ka daga 24 zuwa 27. Ana yin rangwame na gaske wajen Ranar Ƙasa, 23 ga Satumba, da Farar Juma'a a Nuwamba, da Ranar Kafuwa, 22 ga Fabrairu, da kuma gab da Ramadan. Ka fara rubuta farashin tun kafin lokacin don ka gane ragin gaskiya. Manhajojin Tabby da Tamara suna raba kuɗi kashi-kashi, amma ina roƙonka kada sauƙin biya ya ja ka zuwa ta riyal 1500. Ka tsaya a abin da ka tara.

Ta hannu ma hanya ce, kuma a shafin saye da sayarwa na Haraj ana samun masu kyau daga waɗanda suka canza zuwa babba. Sharaɗi ɗaya ne: ba ka biya sai ka ga tana aiki. Ka je da laftof ko PS5. Ka cika allon da fari, ka matso har hancinka ya kusa taɓa shi, ka bi shi layi-layi kana neman ɗigo baƙi. Ka maimaita da ja, da kore, da shuɗi, domin wani ɗigon a launi ɗaya kaɗai yake mutuwa. Sannan ka sa baƙi, ka roƙi a kashe fitilar ɗakin. Ɗan haske a kusurwa da ke motsi in ka motsa kanka, wannan halin IPS ne. Amma farin tabo a gefe da ke nan daram ko ta ina ka kalla, wannan fitilar baya ce ke yoyo, kuma ba ta gyaruwa. Ka gwada kowace ƙofa, ka ɗan girgiza wayar a hankali ka ga ko hoto zai ɗauke. Ka danna maɓallan menu duka. Ka bar ta a kunne kamar minti 20 ta yi zafi, domin wasu layuka sai a lokacin suke fitowa. In an ce ta daɗe a ajiye a sito ko a saman rufi, ka ƙara lura da farin ko ya koma rawaya-rawaya, zafi da laimar Jidda ba sa raga wa allo.

Ranar da ka kawo ta gida, kada ka ɗauka za ta hau gudunta da kanta. Windows yakan bar ta a 60. Ka shiga saitin allo, ka gangara zuwa Advanced display, ka zaɓi lamba mafi girma, sannan ka kunna FreeSync a menu na monitar da takwararta G-Sync a manhajar Nvidia. A PS5 ka tabbatar fitar 120Hz tana kunne, ka kuma sa wasanni a yanayin Performance, wasu ma sai ka kunna 120 a cikin wasan kansa. Ka rage hasken allon, daga masana'anta yana zuwa da ƙarfi fiye da abin da ɗaki yake buƙata. Ka kuma kauce wa ajiye ta daidai ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in ya fara ɗiga ruwa ta ramukan iskan sama yake shiga.

In tsohon gini kake zaune mai soket na 127 da na 220 a haɗe, ka karanta jikin adaftar, yawancin monitoci suna karɓar 100 zuwa 240, amma na'urar wutar wasu kwamfutoci 200 zuwa 240 kaɗai take ɗauka. Kwalin kuma kada ka yar da shi, da farin soson da ke ciki. Da shi za ka kai ta wurin wakili in ta samu matsala, da shi kuma za ka iya ɗaukarta a jirgi in wata rana za ka kai ta gida Najeriya. Filogin mai baki uku iri ɗaya ne da na can, wutar ma za ta karɓa, sai dai ka haɗa mata da sitabilaiza.